Farin Tubalin Baƙo

Tun shekarar da Nasara suka kafa barikinsu a Filinge, cikin ƙasar Kurfai, babu abin da mazan Kurfai ke tsoro kamar ɗaukar kaya. A jera ku ake yi kamar jakai, a aza wa kowa akwati a ka, a nuna muku hanyar Tawa, soja na biye da bulala. Wanda ya dawo yakan dawo da tsakiyar kai a sule, ƙafafu a kumbure, ya tarar an yi shuka ba shi. Akwai kuma waɗanda aka yi ta jira har aka gaji da jira.

Duk garin ba wanda wannan tsoro ya kama kamar Baƙo, kuma ba wanda ya kai shi ɓoyewa. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, irin wanda soja ke hangowa daga nesa ya ce ga mai akwatin harsashi nan. Amma tun da aka haife shi bai taɓa aza wani abu a kansa ba sai hula. Abin da Allah ya hore masa shi ne baki. Da ƙuruciya ya taɓa raka kawunsa fatauci, suka kai Dogon Dutsi, ciwon ciki ya maido shi gida. Wannan tafiya ita ce ta yi ta tsawo a bakinsa shekara da shekaru, har ta kai Sakkwato, ta zaga Kano, in hira ta yi daɗi ma takan leƙa Gwanja.

Wata safiya cikin bazara aka tara maza a ƙofar mai gari. Kowa ya zo yana ɗingishi ko yana tari, don an ɗauka masu kaya ake nema. Baƙo ya zo da duka biyun. Sai Ibrah tafinta, mai juya maganar Kumandan, shugaban barikin, zuwa Hausa, ya tsaya ya ce yau ba zancen kaya ba ne. Kumandan ya gaji da halin dawakin bariki. An kewaye su da zana sun cinye, an sake kewayewa sun sake cinyewa, kullum sai an bi su daji ana nema. Yanzu bango yake so na tubali, abin da doki ba zai iya ci ba.

A lokacin nan gidajen Kurfai na kara ne da zana. Laka sai ga rumbu, shi ma da hannu ake ɗora ta a hankali. Tubali kuwa sai dai a ji labarinsa a bakin fatake.

"Kumandan ya ce," in ji Ibrah, "duk wanda yay yi tubalin ga, bango yat tsaya har shi komo daga rangadi, an ɗebe mashi ɗaukar kaya har iyakar rainai. In kuwa bango bai tsaya ba..."

Baƙo bai bari ya ƙarasa ba. Tari ya warke, ɗingishi ya warke, ya ratsa mutane ya fito gaba.

"Tubali? Yo don tubali anka tara mutane da sassahe? Ni da nig gina rabin ganuwar Sakkwato?"

Kailu, ɗan gwaggonsa, wanda wasan taubasai ya ba shi damar gaya masa komai a gaban kowa, ya ɗaga murya daga baya. "Wane rabi, bawana? Wanda yah hwaɗi?"

"Wanda yat tsaya. Wanda yah hwaɗi, wani mai kama da kai yay yi shi."

Ibrah ya miƙa masa wani ɗan akwatin katako da Kumandan ya bayar, ba gindi ba murfi. Baƙo ya juya shi, ya leƙa ta ciki ya ga fuskar mai gari ta ɗaya gefen, ya girgiza kai.

"Malam Ibrah, an cuce ku. Akwatin ga ba shi da gindi."

"Haka shike. Ciki za ka cusa laka, ka ɗaga, tubali shi hito."

"Na sani. Gwada ka nikai, in gani ko Annasara ya koya maka daidai."

Da ya koma gida da akwati a hammata, ya tarar labari ya riga shi. Matarsa Dijatu ta ajiye taɓarya ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Maigida, kai da ko duwatsun murhu ban taɓa ganin ka jera ba?"

"Murhu aikin mata na. Ke dai ki sani, bana da mijinki za ki yi shibka. Ba mai aza mani komi bisa kai."

Dijatu ta ɗauki taɓaryarta ta ci gaba da daka, maganar ta taɓa ta. Bara aka tafi da ƙanenta Tawa, ya dawo ba ya iya riƙe fartanya. Ta san mijinta sarai, amma wannan karon tana so ƙaryarsa ta zama gaskiya.

Kumandan ya tafi rangadi tare da tafintansa, Baƙo ya fara aiki. Tafki na da nisa, rairayi kuwa ga shi nan a ƙofar gida kyauta. Ya jiƙa shi, ya danna a akwati, ya ɗaga, sai ga abu ya fito tsaf da kusurwa huɗu. Shi kansa sai da ya tsorata. Ya jera layi guda, ya bari rana ta yi tsaka, sannan ya kira maƙwabta su zo su ga ilimi. Ya sunkuya ya ɗauki na farko da hannu biyu. Ya miƙe da rairayi cike da tafukansa, sauran ya zube masa a ƙafa. Kafin ya buɗe baki, wata kaza ta bi ta kan layin tana tone-tone, ta gama da sauran.

"Sannu da aiki, bawana," in ji Kailu. "Ka ɗauki rairayi, ka jiƙa, ka shanya, ka samu rairayi."

"Wanga na gwajin akwati na," in ji Baƙo, yana kakkaɓe hannu. "Akwati lahiya lau shike."

Kashegari ya sa mai gari ya ba shi mutane suka ɗebo masa laka daga tafki, don a faɗarsa babban magini ba ya ɗaukar kaya. Baƙar laka ce mai danƙo, bai haɗa ta da komai ba. Ya buga tubali ya shanya a tsakiyar rana. Da suka bushe kuwa sun yi tauri, sai dai duk sun tsattsage kamar diddigen manomi. Wannan bai dame shi ba. Abin da ya dame shi shi ne, da ya kifa akwatin a kan guda, sai ya ga yatsa na shiga ta kowane gefe. Ya gwada na biyu, haka. Ya gwada duka, haka. Ya ɗauki akwati da tubali ya nufi ƙofar mai gari.

"Ranka shi daɗe, akwai ɓarawo garin ga."

"Mi yas sata?"

"Laka. Ba shi ɗaukar tubali guda a gane. Sai shi yanki kaɗan ga kowane, ta ko'ina daidai wa daida, shi gyare wurin."

Mai gari ya daɗe yana kallonsa. "Ɓarawon laka, Baƙo? Ga tabki cike da ita?"

"Shi ya sa nic ce ƙwararre na, ranka shi daɗe."

Mai gari ya ce to, ya je ya yi gadi. Baƙo ya buga sababbi, ya ɗauki kulki, ya zauna a gabansu tun hantsi, ba inuwa ba ruwa, yana harararsu. Ko ƙadangare bai matso ba. Da la'asar ya kifa akwati, yatsa ya shiga. A nan Kailu ya same shi, wuya ya yi jawur, leɓe ya bushe.

"Ka kama shi?"

"Na gane shi," in ji Baƙo. Ya ɗaga kulki ya nuna rana.

"To kai ƙara bariki. Su ka kama manya."

Daga nan sai idonsa ya faɗa kan tukunyar Dijatu. Ita ma laka ce, amma ba ta tsagewa, ruwa ba ya narkar da ita, kuma ba wanda ya taɓa yanke mata gefe. Me ya bambanta su? Wuta. Bai tsaya ya tuna cewa masu ginin tukwane sukan bar abinsu ya bushe ƙayau kafin ya ga wuta ba. Ya buga tubali da safe, da azahar ya tara su ɗanye sharaf a bayan gida, ya lulluɓe da kara da kashin shanu, ya cinna. Ya tsaya kusa, hannu a ƙugu, yana yi wa masu wucewa bayani.

Ruwan da ke cikin laka ya tafasa ya rasa hanyar fita. Na farko ya fashe da ƙara, ɓangarensa ya bi ta saman rumbun Kailu ya tafi da jinkar. Na biyu da na uku suka amsa tare. Mutanen Filinge ba su manta da ƙarar igwar Nasara ba. Mata suka suri 'ya'ya suka nufi dutse, maza suka shige ƙarƙashin rumbuna, masu ɗingishin ƙarya suka wuce masu ƙafa lafiya. A bariki kuwa sojoji suka ɗauka gari ya yi tawaye, suka kwanta rub da ciki da bindigogi. Mai gari ya aika da rago da farin ƙyalle a nemi amana. A hanya ɗan aiken ya haɗu da sojan da aka aiko ya tambayi mutanen gari me aka yi musu. Su biyun suka bi hayaƙi, suka tarar da Baƙo zaune a ƙasa, ba gira ko ɗaya a fuskarsa.

"Ku kwantar da hankalinku," ya ce musu. "Tubalin Sakkwato haka shike. In ya nuna sai shi yi magana."

Sojan ya karɓi ragon ya koma bariki da shi, tun da an riga an kawo.

Bayan wannan sai labari ya zo cewa Kumandan ya juyo, yana wajen Bonkuku. A nan tsoro na gaske ya kama Baƙo. Ko tuwo ya sa a baki sai ya ji kamar an aza masa akwati a ka. Ya bar gari don kada a ga fuskarsa, ya yi ta tafiya har ya kai wata fadama inda ƙasa ta yi fari fat. Kowa a Kurfai ya san wurin. Ƙasar kanwa ce, can makiyaya ke kai dabbobinsu su lasa. Baƙo ma ya sani. Amma da ya tsaya yana kallonta, sai tunaninsa ya bi wata hanya dabam. Nasara fari ne, hularsa fara, tufafinsa farare. Mutumin da ke son fari haka, in ka ba shi farin bango ai ba zai tsaya duba wani abu ba.

Ya sa aka ɗebo ƙasar, aka haɗa da lakar tafki. Saura abin da zai hana tsagewa. Ya san masu yaɓen rumbu na zuba ƙaiƙayi, amma ƙaiƙayi na talakawa ne, bangon Kumandan sai abu mai laushi. Ya kwashe dusar Dijatu, ya kuma aika gida gida da sunan bariki aka tara masa ta kowa.

Dijatu ta tsaya a kan kwaɓin, ta shinshina. "Maigida, kanwa da dussa? Wagga ita nika ba ragon layya shi yi ƙiba."

"Shi ya sa. Bangon ma ƙiba nika so shi yi."

Abin haushin shi ne, tubalin ya yi kyau. Tun ranar gadi Baƙo ya ɓata da rana, saboda haka ya mai da aikin ƙarƙashin wani gawo don shi ya sami inuwa. Tubalin ya bushe a hankali, bai tsage ba. Da ya gama bushewa sai wani fari ya fito masa a jiki kamar an barbaɗa gari. Ga tauri, ga nauyi. Baƙo ya saki guda a kan babban yatsan ƙafar Kailu don gwaji. Kailu ya yi ihu, tubali ko gezau.

Aka tayar da bango, ya kewaye dawakin bariki, ya fi mutum tsawo, yana ƙyalli tun daga nesa. Mutane suka riƙa zuwa kallo har daga garin Damana. Baƙo ya ari rawani ya naɗa, ya rufe wurin girar, ya ce daga yau a kira shi Sarkin Magina. Yanzu ganuwar Sakkwato duka shi ya gina. Dijatu ma ta saki jiki, ta fito da irin gero tana gyarawa, tana ɗan waƙa.

Ragonta ne ya fara ganewa. Ya tsinke igiya, aka neme shi aka rasa, sai can aka same shi a gindin bangon bariki, ya manna baki, idanu a lumshe. Aka ja shi yana waige.

"Kun gani?" in ji Baƙo. "Ko bisa ta san abu mai kyau."

Kashegari ragon ya koma da awakin unguwa. Bayan awaki sai tumaki, bayan tumaki sai jakai. A cikin bango kuwa dawaki suka yi shiru, ba haniniya ba harbi. Sojoji suka ji daɗi, suka ce ba su taɓa ganin dawaki masu ladabi haka ba, kowanne ya juya wa duniya baya ya fuskanci bango tun safe har yamma. Ba a daɗe ba wani lungu mai santsi ya zagaye bangon daidai gwiwa, aikin awaki. A samansa wani ya fito daidai ƙugu, aikin jakai.

Kailu ya zo da ƙafa a naɗe da tsumma, ya zaga bangon yana ɗingishi na gaskiya. "Bawana, bangonka ya yi ƙugu awa zanzaro."

"Ado na. A Sakkwato sai gidan manya kaka ganin irinai."

"To masu yin adon sun ce a ƙara masu dussa."

Baƙo ya ce ado ne, amma sanda ya ɗauka. In ya kore su a gabas sai su taru a yamma, in ya ruga yamma sai ya ji lasa a gabas. Ya sa aka daka barkono aka shafe bangon. Awaki suka lasa, suka yi atishawa, suka dubi juna, suka ci gaba da himma fiye da da.

"Ka sa yaji," in ji Kailu. "Saura man shanu."

Da Kumandan ya dawo a kowace rana ta Allah, da wataƙila bangon ya kai labari. Sai ya zaɓi ranar kasuwa. Tun da safe Fulani suka shigo da shanu, Buzayen Bonkuku suka shigo da raƙuma, iska kuma na kaɗawa daga wajen bariki. Shanun gaba suka ɗaga hanci, suka bar hanyar kasuwa, na baya suka bi. Raƙuma suka bi shanu, masu raƙuma suka bi raƙumansu, masu saye suka bi masu sayarwa. Kafin hantsi kasuwar Filinge duka ta koma gindin bangon Baƙo, har da masu fura.

Wani Bafillace da ake kira Mamman ya ratso ya kama hannun Baƙo da hannu biyu. "Kai ne mai abin ga? Allah shi saka maka da alheri. Da can sai mun yi tahiya mai nisa, yanzu ga shi cikin gari, a tsaye, ko duƙawa nagge ba ta yi."

Baƙo ya fizge hannunsa. Raƙuma sun fara aiki a saman bango, inda ba a taɓa ba. Ya sa aka ɗaga shi ya hau, ya riƙa bin saman yana kai musu sanda a hanci. Yana can sama aka busa ƙaho, Kumandan ya ɓullo a kan dokinsa, Ibrah na biye, mai gari na sauri a ƙasa. Baƙo ya ga ba damar sauka. Ya ɓoye sandar a baya, ya gyara rawani, ya tsaya kamar dama can nan ya shirya tarbar.

Kumandan ya ja linzami don ya tsaya nesa ya duba aikin. Dokin bai yarda ba. Ya ratsa tsakanin shanu da mahayinsa a kai, ya sami wuri tsakanin wata saniya da wani jaki, ya sa baki. Kumandan ya ja, ya zungura, ya yi magana da yarensu. Doki ya lumshe ido.

"Malam Ibrah!" Baƙo ya kwaɗa kira daga sama. "Hwaɗa mashi barka da zuwa! Hwaɗa mashi bangon ga, jikokinai za su ishe shi tsaye! Hwaɗa mashi ko giwa tat taho da gudu..."

A ƙarƙashinsa, daidai ƙugun bangon, wani doki na lasa daga ciki, wata saniya na lasa daga waje, kowa na ganin shi kaɗai ne. Abin da ya rage a tsakaninsu bai kai kaurin faifai ba. Harshe ya haɗu da harshe. Saniyar ta zabura ta bangaji ta kusa da ita, ta kusa ta bangaji garke, garke ya jingina da bango.

Bangon bai yi gaggawa ba. Ya ɗan sunkuya kamar mai gaisuwa, ya tsaya, ya ƙara sunkuyawa. Baƙo na sama yana ta magana, yana gangarowa tare da shi, har sai da ya ga fuskarsa ta zo daidai da ta Kumandan. Daga nan sauran ya tafi gaba ɗaya. Gefe ya ja gefe, kewayen duka ya kwanta, farin gari ya turnuƙe wurin. Da ya lafa, sai ga Baƙo zaune a kan tulin tubali, fari fat, rawani ya warware, wani ɗan maraƙi na lasar masa kunne.

Sojoji suka ruga don tare dawaki, suka tsaya cirko-cirko. Ba doki ɗaya da ya gudu. Duk sun sunkuyar da kai suna ci gaba da bangon a inda ya kwanta.

Kowa ya san sharaɗin da Ibrah bai ƙarasa faɗa ba. Dijatu na cikin mata, ta toshe baki da gefen zane. Baƙo ya dubi dawakin, ya dubi Kumandan, ya miƙe ya kakkaɓe riga.

"Malam Ibrah, hwaɗa mashi shi diba da kyau. Da zana, in ta ƙare sai su hita. Nawa kuwa, ko ya hwaɗi ba su zuwa ko'ina."

Ibrah ya juya maganar. Kumandan bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya sauka ya zaga dawakinsa. Ya bar su a rame, gashi a tsaye, ga su yanzu sun yi sumul, jiki na sheƙi. Ya shafa wuyan guda. Ya ɗauki tubali, ya auna nauyinsa a hannu, ya ɗan taɓa da harshe, ya tofar. Sannan ya yi doguwar magana.

"Kumandan ya yaba," in ji Ibrah. "Ya ce tun da yaz zaka ƙasag ga bai ga abin da yak karɓi dawaki awa tubalin ga ba."

Baƙo ya juya ya nemi Kailu da ido. "Kun ji? Ku ƙara matsowa, na baya ba su ji ba."

"Ya ce dawakin barikin Tawa sun rame ƙwarai. Ya ce a kai masu."

"A kai masu! Har Damagaram in shina so. Mai gari, a nemo jakkai."

Ibrah ya tambayi Kumandan, ya saurara, ya juyo. "Ya ce ba a aza shi ga jaki. Na baya lashe kayan na gaba za shi yi, kahin a kai rabin hanya ba komi. Raƙumi ma haka. Ya ce mutum ɗai na ba shi lasa."

"Wane mutum?"

"Ya ce bango bai tsaya ba. Kuma mai abu shi ya san yadda za shi riƙe abinai."

Baƙo ya buɗe baki, kasuwa duka ta jira. A karo na farko tun da aka san shi, ba abin da ya fito.

Da safen tafiya hadari ya fara haɗuwa a gabas, irin na farkon damina. Dijatu ta mai da irin geronta cikin ƙwarya ta rufe, ta san ita kaɗai za ta shuka shi. Haushinsa take ji, tausayinsa kuma ya fi haushin yawa. Ta yage tsohon zanenta ta naɗa masa gammo mai kauri, ta aza masa da hannunta. Ya rage murya yadda ba wanda zai ji.

"Dijatu, ta gaba aka sa shi ko ta tsakiya?"

"Ta tsakiya, Maigida. Kada ka duƙar da wuya. Ka komo mani da ƙahwahunka."

Sojoji biyu suka ɗaga mangalar tubali suka aza masa. Aka sa shi a ƙarshen layin masu kaya, bayansa sai sojan rakiya a kan raƙumi, yana gyangyaɗi tun ba a bar gari ba. Awakin unguwa suka yi masa rakiya har bayan gari, Kailu na tare da su yana jan ƙafa.

"Yaya nauyi, Sarkin Magina?"

"Wanga? A Sakkwato..." Numfashi bai ishe shi ya ƙarasa ba.

Kailu ya waiga. Raƙumin sojan ya miƙo dogon wuyansa, hanci na motsi, leɓe na rawa, saura kaɗan ya kai ga mangalar. Kailu ya matso kusa da kunnen taubashinsa, wannan karon ba wasa a muryarsa.

"Bawana, Tawa da nisa. Kada ka kore shi."

Baƙo bai waiga ba. Sai dai ya rage sauri kaɗan, don raƙumin ya cim masa.